Ƙwallo da Fim a Ƙarshen Damina

'Yan uwana mata, uwargida da amarya, da ku iyayenmu da ke gefen tabarma ana jan carbi ana saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu. Ina gaida mutanen Ƙofa da Bebeji, ina gaida na Kiru har Kwanar Ɗangora, da na Tudun Wada, da na Doguwa can bayan dajin Falgore har Riruwai. Yaya ruwa? Yaya aka ji da sauro? Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai mu kaka lafiya.

Yau na ajiye maganar girki da raino sai wani makon. Hira za mu yi a kan ƙwallo da fim. Na san wata za ta ce, "Ikon Allah, mu da muke cikin kulle, ina ruwanmu da tamaula?" Ki yi haƙuri yaya, ki gyara zama. Ni dai da bakina nake faɗa, mai son ƙwallo ce, kuma mai son fim ce, ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Kuma ko ke ba ki je inda suke ba, su sun daɗe da shigowa gidanki.

Ki dubi lokacin da muke ciki. Ƙarshen Agusta ne, marka ta sauka. Sai a wuni ana yayyafi, shanya ta ƙi bushewa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa. Masara ta yi goyo har an fara gasa sabuwa, gero ya fid da kai, gyaɗa ta kusa. An gama maimai, ba a shiga girbi ba. Wato maza da samari sun sami ɗan sarari, amma aljihu ya bushe, rumbu kuma ya yi ƙasa. To daidai wannan lokaci ne Turawa ke buɗe abin da ake kira kakar wasa. A watan Agusta ake fara gasar Firimiya ta Ingila da ta Sifen, kuma a 'yan shekarun nan tamu ta Nijeriya ma a ƙarshen Agusta take somawa. Kakar wasa tana riga kakar gona zuwa, kuma a tsakanin kakannin nan biyu ne kuɗin gida yakan ga ta kansa.

Bari in ɗan warware miki yadda abin yake, don in yaranki suna musu a tsakar gida ki san inda suka dosa. Ƙungiya 20 ce a gasar Ingila, haka ma a tamu. Kowace za ta kara da kowace sau biyu, sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidan abokiyar karawa, wasa 38 ke nan. Wadda ta ci tana da maki uku, in an yi canjaras kowa maki ɗaya, wadda aka cinye ta tashi a tutar babu. A ƙarshe a tara, mai maki mafi yawa ita ce da kofi, na can ƙasa kuma a kora su ƙaramin rukuni. Kamar adashe ne, ba a ganin amfaninsa sai an jure zubi. Shi ya sa nake dariya in na ji yaro a watan Agusta yana rantsuwa kofi nasu ne bana. Wasa biyu aka buga fa, saura 36.

Kuma in kin ji ana Arsenal, ana Chelsea, har ana ɓata zumunci a kansu, abin yana da asali. Nwankwo Kanu ya je Arsenal a 1999, mutanenmu suka bi shi can da zuciyarsu. Mikel Obi ya je Chelsea a 2006, wasu suka koma can. Yaran sun daɗe da barin ƙungiyoyin, mu kuwa aka bar mu da gādon musu.

Ni tawa ƙungiyar tana nan kusa. Kano Pillars, Sai Masu Gida. A 1990 aka kafa ta, gidanta filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ban taɓa taka filin nan ba, da kunne na san shi. Akwatin rediyo a kan turmi, ina tsince shinkafa, mai sharhi yana ta zuba har muryarsa ta dushe. Wallahi akwai daɗin da mai sauraro ke ji wanda mai kallo bai sani ba, don kai ne kake zana filin a cikin kanka, kuma ɗan wasan da kake so ba ya taɓa yin kuskure sai dai alƙali ya zalunce shi. Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Amma shekarar da ba na mantawa ita ce 2009, da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka. Al Ahly fa, wadda duk nahiyar nan babu mai tarin kofinta. Aka yi ɗaya da ɗaya a nan gida, aka je Alƙahira aka yi biyu da biyu, ƙwallayen da Pillars ta ci a gidan mutane suka wuce da ita. Sai da ta kai wasan kusa da ƙarshe, sannan Heartland ta Owerri ta tare ta. 'Yar gida ce ta kayar da mu, shi ya fi ciwo.

A wannan ƙungiya Ahmed Musa ya yi suna. Ƙwallo 18 ya ci a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Turai, ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya zura wa Iceland biyu a ta 2018. Ya dawo ya sake sa rigar Pillars, har a 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Ga kuma Rabi'u Ali da ake wa laƙabi da Pele, wanda ya yi shekara da shekaru yana jan ragamar yaran. An sha daɗi, an kuma sha wuya. A 2022 Pillars ta faɗa ƙaramin rukuni, sai a 2023 ta dawo. A Oktoban 2025 kuma 'yan kallo suka afka cikin fili bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka ci ƙungiyar tara, aka zaftare mata maki uku. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Yaran da suka yi aika-aikar nan kowanne da uwarsa a wani gida, ƙila tana can tana zaton ya je kallo ne kawai. Wai son ƙungiya ne ya sa su, ga shi ƙungiyar ce ta biya.

Tunda ana maganar 'yan wasa, mu yi addu'a ga waɗanda muka rasa a nan ƙofar gidanmu. A ƙarshen watan Mayun 2025, motar da ta ɗauko tawagar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, kan hanyar Zariya zuwa Kano. Mutum fiye da 20 suka rasu, saura ƙiris su iso gida. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Manyanmu kuma za su tuna wata damina, ta 1996. A ƙarshen Yuli, cikin dare, Brazil tana cin Nijeriya uku da ɗaya a gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka. Wasu har sun kashe rediyo sun kwanta. Aka farke, Kanu ya ci ta uku dab da tashi, ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Ranar 3 ga Agusta aka doke Ajantina uku da biyu aka ɗauki zinare. A cikin yaran akwai 'yan Kaduna, Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, kwana ɗaya kafin wannan, mace ce ta riga su kawo zinaren. Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta yi tsallen mita 7.12. Ki auna da ido, daga bakin ɗakinki zuwa ina ke nan? Haka kuma a Yulin 2025, 'yan matan Super Falcons suna Rabat, Maroko ta ci su biyu kafin hutun rabin lokaci, a gaban mutanenta. Suka dawo suka ci uku. Kofin Afirka na goma ke nan da suka ɗauka, su kuwa maza uku gare su. Ba tsokana nake ba malam, lissafi ne.

Ban ce ki aika 'yarki ta sa gajeren wando ta shiga fili ba, kowa da tarbiyyar gidansu. Amma kada a ce mana son wasa ba na mace ba ne. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tsaya a bayan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, bai gusa ba sai da ita da kanta ta gaji. Kuma sun yi tsere su biyu, ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Mu ma da muna yara ai mun yi gaɗa a dandali, mun yi tsallen igiya, mun yi 'yar carafke. Yanzu injin niƙa ya karɓe daka, wasu gidajen famfo ya karɓe guga, sai zama ya yi yawa, ga ciwon gwiwa ga hawan jini. In ruwa ya ɗauke da yamma, ki zagaya tsakar gida sau goma ke da abokiyar zamanki, ku yi ta hira kuna tafiya. In yara suna buga ƙwallon tsumma ta gangaro gabanki, ki mayar musu da ƙafa mana. Babu wanda zai gani sai kaji.

To yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau. Gidan kallo. Kusan kowane gari yanzu akwai shi, rumfar kwano da benci, da janareta ko sola, da faranti a sama. Ki san lokutansa. A wannan wata agogonmu ɗaya da na Ingila. Wasan Asabar na ƙarfe uku yana haɗiye La'asar. Na biyar da rabi yana haɗiye Magariba. In aka shiga Satumba gasar zakarun Turai ta fara, wasan dare ƙarfe takwas ne, sai wajen goma a tashi. Daga ƙarshen Oktoba kuma, in sun juya agogonsu, ya koma tara zuwa sha ɗaya. Saboda haka in ɗanki ya ce miki kallo zai je, kina iya sanin lokacin da ya kamata ki ji motsinsa a zaure. Wanda ya ce wasa ne ya kai shi ƙarfe ɗayan dare a ranar Talata, to a tambaye shi wane wasa ne.

Kallon kansa bai dame ni ba kamar abin da ya biyo shi, wato caca. Sun sa mata suna mai daɗi, wai hasashe, wai buga tikiti, amma sunanta caca, kuma hukuncinta yana nan a Suratul Ma'ida, an jera ta tare da giya. Yadda ake yi, yaro zai zaɓi wasa goma ko fiye, ya ce wannan za ta ci, wannan za a yi canjaras, ya sa ɗari biyu ko ɗari biyar, a nuna masa cewa in duk suka faɗa daidai zai kwashi dubu ɗaruruwa. Sharaɗin shi ne ko ɗaya kada ya kuskure. To mu yi lissafin tare, irin na kasuwa. A ce kowane wasa hanya biyu ce kawai, ko ci ko faɗuwa. Wasa biyu hanya huɗu ke nan, wasa uku takwas, haka za ki yi ta ninkawa, kafin ki kai wasa goma kin sami hanya 1,024, kuma guda ɗaya ce tak daidai. In kika sa canjaras a ciki, hanyoyin sun zama 59,049. Zai ce miki ai shi ya san ƙwallo, ya san babbar ƙungiya ba ta faɗuwa. Masu kamfanin sun riga shi sani, shi ya sa ladan da suke sa wa babbar ƙungiya ɗan kaɗan ne, dole sai ya tara wasanni da yawa kafin kuɗin ya yi kauri, kuma kowane wasa ya ƙara, ramin ya ƙara zurfi. Kullum za ki ji ana "wasa ɗaya ne ya yanke ni". Ai daman haka aka gina abin, don ya ga kamar saura ƙiris, gobe ya koma.

A 2024 Hisba ta rufe shagunan irin wannan caca da dama a Kano. Madalla. Sai dai shagon yanzu yana cikin waya, kuma Hisba ba ta shiga aljihun ɗanki. Ke ce mai wanki, ke za ki fara gani. Doguwar takarda siririya kamar rasit, cike da sunayen ƙungiyoyi da lambobi. Ko ki ga yaron da Pillars yake so ya tayar da hankalinsa a kan wasan wata ƙasa da ko sunanta bai iya faɗa ba. Ko kwanon masara ya riƙa raguwa ba ki san inda yake zuwa ba. Mafi muni, a ci bashi a kan amfanin da ke gona, a ce in an yi girbi a biya da buhu, a farashin da mai ba da bashi ya ga dama. A wannan wata na rashi aka fi faɗawa, don wanda ba shi da komai shi ne ya fi saurin yarda da banza. In kin gani, kada ki tara masa jama'a. Ki kira shi ɗaki, ki sa shi ya lissafa da bakinsa abin da ya zuba tun farkon shekara da abin da ya karɓa. Sannan ki sami mahaifinsa a lokacin da ransa ke sanyi. In kuwa maigidan ne da kansa, to a nan sai hikima, da neman wani babba da yake jin nauyinsa. Kuma kuɗin adashenki da na ƙuli-ƙulinki, in suna cikin waya, lambar sirrin ta zauna a kanki ke kaɗai.

Mu sha iska, mu koma fim, inda nan kam fagenmu ne. Da can gidan silima na maza ne. A Kano akwai su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, ana nuna na Indiya da na kaboyi, macen kirki ba ta zuwa. Mu sai labari, ko ƙane ya dawo ya kwaikwaya mana faɗan da aka yi. Sai talabijin ta zo da su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, gidan da ke da ita ya zama dandalin unguwa. Sannan bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, daga nan aka ɗora. Kafin a kai shekarar 2000 kasuwa ta buɗe, mujallar Fim ta fito a 1999, a wajajen nan ne kuma Sangaya da Wasila suka karaɗe ko'ina. Wa ya manta Zubaina, baiwar gidan sarauta da ɗan sarki ya ƙyalla ido a kanta? A aiki yaro ya karɓo kaset haya, a tara kuɗin fetur, a cika ɗakin amarya har bakin ƙofa, mai goyo da mai tsohon ciki, kowa da bakinta a cikin labarin. Ni a ganina, mu matan kulle mu muka raini sana'ar nan. Da kuɗin ƙosai da na kitso da na saƙar hula aka yi ta. Shi ya sa labaran suka zama namu, kishi da auren dole da uwar miji da saki. Kuma akwai mace a cikin masu ba da labarin tun farko. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta yi karatun manya ta zama marubuciya, littafinta Alhaki Kuykuyo Ne har fim aka mayar da shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ahmad S. Nuhu da ya rasu a haɗarin mota ranar farko ta 2007, da Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disambar 2014. Ibro kam har gobe in an sa tsohon fim ɗinsa sai na ajiye abin da ke hannuna.

Yanzu kaset ya tafi, faifai ya bi shi. Sai memori, a kai waya shago a tura, ko a kalla a YouTube in da data. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi, Labarina na Aminu Saira ya fara a 2020, Izzar So ya yi tashe a waya. Fim ya koma mai dogon zango, kamar gasar ƙwallo, mako-mako, ana jira. Ta wani fannin an ci gaba, hoto ya yi kyau, magana ta fito, an rage rawar da ake cusawa ba gaira ba dalili. Ga kuma na Indiya da ake fassarawa, ki ga Ba'indiye da rawaninsa yana zuba Hausar Fagge, abin dariya abin mamaki. Amma ina da ƙorafi biyu. Na farko, ja. Labarin da zai ƙare a mako goma sai a kai shi shekara, mutum ya fito daga mota ya shiga falo sai an ci minti biyar, datarki tana ƙonewa. Na biyu ya fi damuna. Ina muke a ciki? Kusan kullum gidan bene ne da kujerun alfarma da 'yar aiki. In an nuna ƙauye, to wawa za a fito da shi a yi dariya. Ina labarin matar da ke turara shinkafa a Tudun Wada ta aurar da 'ya'ya uku da kuɗinta? Ina na masuncin Tiga, ko matar da ta fara naƙuda cikin dare a wani ƙauyen Doguwa ruwa ya cinye hanya? Wallahi akwai fim a nan wanda zai sa mutum kuka ba tare da an sa masa kiɗan tausayi ba.

Kuma da can tare muke kallo, in abin kunya ya zo uwa ta yi gyaran murya, a tura yara ɗebo ruwa. Yanzu kowa da wayarsa a cikin mayafi. Hukumar tace finafinai da aka kafa a Kano a 2001 tana duba na masu sana'a, amma abin da mai shago ya haɗa ya tura wa 'yarki a memori babu wanda ya tace shi. Ni shawarata, a mayar da kallo tsakar ɗaki. A jingina wayar a jikin kwano, kowa ya gani, a yi musu a kai. Nan za ki ji tunanin 'yarki a kan aure da kuɗi da samari, abin da in kin tambaye ta kai tsaye ba za ta faɗa ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya faru a garinmu, wanda na san da yawanku kun tuna. A daminar 2016 sunan Ƙofa ya shiga kowace jarida a ƙasar nan. Gwamnatin Tarayya, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, ta ce za ta gina alƙaryar fim a Ƙofa, ta hannun Hukumar Finafinai ta Ƙasa, a fili mai faɗin hekta 20, kan kuɗi naira biliyan uku. Abdulmumin Jibrin, ɗan garin, wanda ke wakiltar Kiru da Bebeji a Majalisar Wakilai a lokacin, yana cikin waɗanda suka tsaya a kai. An ce za a yi wurin koyar da aikin fim, da ɗakin taro, da masaukin ɗalibai, da otal, da kantuna, da asibiti, har da filin wasa. Kin ga ƙwallo da fim sun so su haɗu a waje ɗaya a ƙofar gidanmu. Sai malamai da dama suka tashi a kan mumbari da kafofin sadarwa suka ce ba su yarda ba, wurin zai zama matattarar baɗala, kuma jama'a sun fi buƙatar ruwa da asibiti da aikin noma. Kafin watan Yuli ya ƙare, gwamnati ta ce ta janye.

Na daɗe ina juya maganar nan. Tsoron malamai ba na banza ba ne. Duk uwar da ke da 'ya budurwa, in aka ce za a kafa otal da dandalin baƙi kusa da gonarsu, sai gabanta ya faɗi, kuma 'yan fim ɗin ma wasunsu sun ba da ƙofar zargi da halinsu. Amma ni da an tambaye ni, da na ce a zauna tukuna. A ce ga abin da muka yarda da shi, ga wanda ba mu yarda ba. A cire wannan, a bar makarantar da asibitin da filin wasan, a sa dattawan gari da malamai cikin masu kula. Don fim ɗin da aka ce kada ya zo Ƙofa, ai ga shi nan a Ƙofa, a kowane ɗaki, ya shigo ta waya babu sallama. Abin da bai zo ba shi ne aikin, na birkila da kafinta da tela da mai abinci, da yaron da zai koyi riƙe kyamara ya ɗauki labarin garinsu. Kuma cikin duk hayaniyar da aka yi a watan nan, maza ne suka yi ta da maza. Mu da muka fi kowa kallo, mu da 'ya'yanmu ake magana a kansu, ban ji an zo zaure an ce a tambayo matan gida ba. Wata a cikinku za ta ce gara da aka hana, kuma tana da hujjarta, ina girmama ta. Sai dai a ce an ji ta bakinta. Ikon Allah, a Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu, yaron nan na Sangaya, shugaban ita wannan hukuma da ta so yin ginin.

Nan da 'yan makonni ruwa zai ja baya, a shiga yankan gero da karyar masara, kuɗi ya shigo hannu. Lokacin ne kalangu zai tashi, a buɗe fagen dambe da kokawa, wasanmu na gado tun kafin a san tamaula, wanda Ɗan Anace ya yi wa su Shago waƙa a kansa. Shi ma ta katanga muke jinsa, kuma shi ma akwai magana a cikinsa, ta 'ya'yan da ke dawowa da kumburarren ido, amma wannan sai kaka ta yi.

Kafin nan ina so in ji daga gare ku, musamman matan Ƙofa da kewaye. Da an tambaye ki a 2016, me za ki ce? Ki rubuto, ko ki sa 'yarki ta rubuta miki, ba sai kin sa suna ba, za mu karanta a fili. Wadda kuma take da labarin da take ganin ya isa a yi fim da shi, ta haɗo da shi. Pillars tana da wasa a ƙarshen mako, mai rediyo ta tanadi batir. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.